Littafi na Bakwai na Malam Ɗalhatu

Ranar Laraba da la'asar aka buɗe akwatin ƙarfen Malam Ɗalhatu, aka tarar babu komai a ciki sai ƙwayar kafur guda biyu. Kafin a kira magariba labari ya bar unguwar Al Qusais, inda gidan yake, ya sauka unguwar Naif, domin Hausawan Dubai ba su da yawa, amma bakinsu ya fi jirgin metiro sauri.

Litattafai bakwai ne suka ɓace, irin masu baƙin bangon nan, duk rubutun hannu. Malam Ɗalhatu tsohon malamin tarihi ne daga Gaya. Ciwon ƙoda ya kawo shi gidan ɗansa, Alhaji Halliru mai kago, wato harkar aika kayan 'yan kasuwa gida, yau shekara biyu ke nan. Tun da ya yi ritaya yake rubuta tarihin Abraham Lincoln da Hausa, wato shugaban Amurkan nan da ya yi mulki shekara ɗari da hamsin da wani abu da suka wuce. Shekara goma sha ɗaya yana kan aikin, kuma ba shi da kwafi ko ɗaya.

A ɗakin tuwon Hajiya Wasila da ke Naif, tun kafin a sauke miya an yanke hukunci.

“Musbahu ne mana. Wa ke shiga ɗakin tsohon in ba shi ba?”

“To ya yi me da takarda? Mutumin da sunansa ma da ƙyar yake rubutawa?”

“Ya sayar wa ɗan jami'ar nan, Hafiz. An ce ya daɗe yana nacin littafin, so yake ya buga da sunansa.”

“Allah Ya kyauta. Ka kawo mutum daga ƙauye, ka yi masa biza, ya saka maka da wannan.”

Musbahu mutumin Ringim ne, ya haura arba'in, 'ya'yansa biyar suna gida. Shi ke jinyar Malam, shi ke kai shi wankin ƙoda sau uku a sati. Alhaji ya hana shi shiga gidan tun yammacin Larabar, ya riƙe fasfonsa, ya kuma ce in litattafan ba su fito ba, ranar Lahadi da safe, da zarar an buɗe ofisoshi, zai kai shi wurin 'yan sanda ya soke bizar. Kowa ya san abin da ke biyo baya: kurkuku, sannan jirgi, sannan ba kai ba ƙasar har abada.

Da safiyar Alhamis Musbahu ya iske Dikko a wani lungu na kasuwar Murshid Bazaar yana naɗe kwalin takalma da salatif.

Dikko ɗan Batsari ne. Mahaifinsa mai bin sawun shanun sata ne, shi ma ya yi aikin shekara goma sha biyar, kafin dajin ya koma hannun masu bindiga. A nan ɗaurin kaya yake yi, sai dai in kwali ya yi ɓatan dabo tsakanin shago da kwantena, shi ake nema.

“Dikko, don Allah don Annabi.”

Dikko ya yanke salatif da haƙori, ya shafe bakinsa da tafin hannu. “Ka ɗauka?”

“In na ɗauka, kada Allah Ya sake nuna mini fuskar 'ya'yana.”

“Ba rantsuwa na tambaye ka ba. Zauna. Me ka yi jiya tun daga asuba?”

Musbahu ya zauna a kan kwali. Ya ce ya dafa shayi, ya ba zogalen Malam ruwa, ƙarfe takwas ya kai shi asibiti. Ya dawo ya yi shara da goge-goge, babu kowa a gidan, sha ɗaya ya fita cefane, daga can ya wuce ɗauko shi. Makullin akwatin yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, kowa a gidan ya sani.

“Alhaji ya san ka zo wurina?”

“Malam ne ya turo mini saƙo ya ce in nemo ka. Alhaji bai so ba, amma ba ya iya musa masa.”

*

Gidan yana hawa na tara. Alhaji Halliru da kansa ya buɗe ƙofa, waya a kunne, ƙamshin turarensa ya riga shi fitowa. Ya gama maganarsa a tsanake kafin ya dubi Dikko.

“Malam Dikko, nan fa ba dajin Batsari ba ne. Tayil ne, kuma an goge. Amma tunda Baba ya ce, yalla, duba ka gama.”

“Ranka ya daɗe, jiya kana ina?”

Alhaji ya yi wata 'yar dariya. “Ni ma? Ina tashar jirgin ruwa ta Jebel Ali, kwantena biyu na fitar. Sai bayan la'asar na shigo na tarar ana salati.”

Ba ƙarya ya yi ba a kan tayil ɗin. Dikko ya durƙusa ya kalli ƙasan ta gefe yadda haske ke kwanciya a kai, bai ga ko sawun ƙuda ba. Akwatin ba a ɓalle shi ba, da makulli aka buɗe, aka mayar da makullin ƙusarsa.

Malam Ɗalhatu yana zaune a kujera kusa da taga, bargo a gwiwa duk da watan Agusta ne. Hannayensa sun yi baƙi da tabon allura.

“Allah gafarta Malam, ya jiki?”

“Jiki ya gama nasa, Dikko. Zauna. Ka san wane ne Linkon?”

“Na dai ji ana faɗa.”

“Dogo ne kamar kai, kuma ba ya gaggawa kamar kai. A bukkar itace aka haife shi. In ka tara duk zaman da ya yi a aji bai kai shekara guda ba. Ya yi faskare, ya tuƙa kwale-kwale, ya koya wa kansa aikin lauya. Da ya zama shugaba ƙasar ta tsage biyu a kan bayi, aka yi shekara huɗu ana zubar da jini. Ana cikin yaƙin ɗansa ya rasu a hannunsa. Yaƙi na ƙarewa, ko sati bai cika ba, wani ya bi shi gidan wasa ya harbe shi ta baya.”

“An kama shi?”

Tsohon ya yi murmushi. “Na san nan za ka tsaya. Ya karya ƙafa wajen gudu. Kwana goma sha biyu ana bin sa, aka ritsa shi a wata rumfar gona.”

“Kwana goma sha biyu a kan gurgu?” Dikko ya girgiza kai. “Ba su da masu bin sawu.”

Malam ya yi dariya har ta koma tari. Da ya lafa, fuskarsa ta sauka.

“Ba zan iya sake rubuta shi ba. Likita bai faɗa ba, amma na iya karanta fuska. Wannan tsakanina da Allah ne. Abin da na kira ka a kai shi ne Musbahu. Mutumin da ke wanke mini kashi ba ya yamutsa fuska, ba zan kwanta a kabari an ɗaure shi saboda takarduna ba.”

*

Hajiya Murjanatu, matar Alhaji, tana falo tsakanin ledojin atamfa da leshi. Saura sati uku bikin 'yarsu Nuriyya da angonta Haidar, za a yi a Kano. Ba ta ce Dikko ya zauna ba.

“Muna Naif ni da ita tun tara har azahar, tambayi duk masu shagon. Ni wallahi wannan abu ya zo mini a mummunan lokaci. Gidan sarauta za mu kai yarinya, irin gidan da na fito. Mutane ne masu bincike, har kakan kaka sai sun tambaya. Yanzu a ji ana sata a gidanmu?”

Nuriyya tana tsaye a bakin kicin, ɗaliba ce, shekarunta ashirin da biyu. Dikko ya lura ba ta dubi ledojin ba ko sau ɗaya.

“Ke kina karanta litattafan?”

“Ni ke karanta masa in idonsa ya gaji.”

“Duka bakwai ɗin?”

Ta ja gefen mayafinta. “Shida.”

“Na bakwai fa?”

“Bai gama shi ba.”

Ta shige kicin. Dikko ya tsaya yana kallon inda ta bari. Saniyar da ta san hanya, in ta zo mararraba ba ta tsayawa shinshina, ita kuwa yarinyar nan ta tsaya kafin ta ce shida. Ya fita da zarginta a ransa, kuma bai ji daɗin hakan ba.

*

Ranar Juma'a bayan an sauko Dikko ya tare Hafiz a inuwar masallaci. Saurayi ne mai tabarau, yana karatun digiri na biyu, yana magana da sauri kamar ana bin sa.

“Na san abin da ake cewa. Wai na ba Musbahu kuɗi. Malam Dikko, ranar Laraba ina ɗakin jarrabawa daga takwas zuwa ɗaya, mutum sittin suka gan ni. Kuma me zai sa in saci abin da aka riga aka ba ni?”

“Aka ba ka?”

“Ranar Litinin Malam ya kira ni a gaban kowa, a kan tebur ana cin abinci, ya ce ya yarda in buga masa a kwamfuta, a kai Zariya a yi littafi. Shekara guda ina roƙo. Jiya Alhamis ya kamata in fara ɗauka.”

“Duka bakwai?”

“Duka. Har ya ce na bakwai ne zai fi ba ni wahala, wai ba na Linkon ba ne.”

“Na wane ne?”

“Bai faɗa ba. Nuriyya dai ta tashi daga teburin.”

Dikko ya hau metiro yana juya maganar. An yi shekara biyu litattafan na cikin akwati, makulli a ƙusa, ba wanda ya taɓa. Aka ce za a buga ranar Litinin, suka ɓace ranar Laraba. Wannan ba ɓarawon da ke son abu ba ne. Mutum ne da ke son a kashe abin. Kuma wanda ke son kashe takarda a bene mai hawa goma sha biyu ba zai sauka da ita a hannu ba, alhali ga bututun shara a bango.

Mai gadin benen, wani Ba'indiye mai furfura, ya ce motar shara ta kwashe komai tun asubar Alhamis, hoton kyamara kuma ba a nuna wa kowa sai 'yan sanda. Dikko ya yi godiya ya hau hawa na tara. A ƙarshen farfajiya akwai ɗan ɗaki, a bangonsa murfin ƙarfe da ake ja a zura shara ta faɗa ƙasa. Ya ja murfin, wari ya buge shi. Ya naɗe hannun riga, ya zura hannu har kafaɗa, yana laluben bayan murfin inda maiƙo ke taruwa. Yatsunsa suka taɓa takarda.

Shafi ɗaya ne, ya manne da ƙarfen. Ya ɓamɓaro shi a hankali ya kai wa haske. An yage shi daga littafi da ƙarfi, gefensa duk haƙora. Amma samansa an yanke shi ne, yanka madaidaici, faɗin yatsa biyu, kamar da reza aka bi layi.

Ya kai wa Malam. Tsohon ya sa tabarau, ya karanta a bayyane.

“Ranar ɗaya ga Janairu, 1863, aka kawo masa takardar 'yanta bayin jihohin da suka yi tawaye. Ya yini yana gaisawa da baƙin sabuwar shekara har hannunsa ya sage. Ya ɗauki alƙalami, ya ajiye, don kada rubutun ya yi rawa a ce ya yi shakka.” Ya sauke takardar. “Littafi na biyar ne. A shara ka samo shi?”

“A shara, Malam. Ka yi haƙuri. Sauran mota ta tafi da su.”

Malam ya rufe ido. Dikko ya ba shi lokaci, sannan ya nuna saman shafin.

“Me ke nan wurin da aka yanke?”

“Bisimilla. Ba na fara shafi sai na rubuta ta da Larabci. Haka aka koya mana tun a allo.”

“Kowane shafi?”

“Kowane.”

Dikko ya miƙe tsaye. Wato mutum ya zauna da litattafai bakwai, yana cikin sauri, yana cikin tsoro, amma ya tara shafuka ya bi su da reza ya cire sunan Allah, domin ba zai iya jefa shi cikin ƙazanta ba. To ina ya kai abin da ya yanke? A gida ƙonawa ake yi, ko a saka a rijiya, ko a binne. A nan in ka kunna takarda na'urar jin hayaƙi da ke silin za ta tara maka duk benen. Rijiya babu. Kuma mai jin tsoro ba ya yawo da shaida a aljihu.

“Malam, ina ƙasa a gidan nan?”

“Ƙasa?”

“Wadda ake shuka.”

Tsohon ya nuna ƙofar baranda da haɓa.

Zafi ya mare shi da ya buɗe. A kusurwa akwai babbar tukunya, zogale a ciki ya kai ƙirjin mutum, ganyensa ya langaɓe. Tun da aka kori Musbahu ba wanda ya tuna da shi. Dikko ya tsuguna. Ƙasar mai danƙo ce, an ba ta ruwa safiyar Laraba, sannan rana ta kwana biyu ta gasa ta kamar tubali. A gefe guda an tona an mayar, an danne da tafin hannu, hannun ya fito ɓaro-ɓaro.

Ya daɗe yana kallonsa. Ya sa tsinke ta can gefen tukunyar ya ɗaga ƙasa kaɗan, ya ga bakin hankici da farin takarda, ya mayar. Ya ɗauko robar wanki ya kife a kai.

Ya san hannun. Ya taɓa gaisawa da shi.

“Me ka gani?” in ji Malam daga ciki.

“Gobe in ka dawo daga asibiti, a tara kowa bayan la'asar. Har Musbahu da Hafiz. Kada a taɓa robar nan.”

“Ba za ka gaya mini ba?”

“Allah gafarta Malam, mu a gidanmu mai bin sawu ƙofar gida yake kai mutane. Ba ya kiran suna.”

*

Ranar Asabar aka taru a falo. Malam a kujerarsa, ya dawo daga wankin ƙoda fuskarsa kamar toka. Alhaji da Hajiya a doguwar kujera. Nuriyya a ƙasa kusa da ƙafar kakanta. Hafiz a gefe. Musbahu ya tsaya a bakin ƙofa, ba wanda ya ce ya shigo ciki.

Dikko ya jawo tukunyar a kan tsumma har tsakiyar falo. Hajiya ta ɗage ledojinta.

“Wannan wane irin abu ne kuma? Bokanci za a yi mana?”

Dikko ya nuna musu shafin, ya faɗi inda ya samo shi, ya faɗi abin da aka yanke da dalilin yankewar. Ya sa cokali ta gefe ya zaro wani ɗauri da aka naɗe da hankici. Ya warware. Siraran takardu ne, ɗaruruwa, kowace da bisimilla.

“Wanda ya yi wannan yana tsoron Allah,” in ji shi. “Iyakar abin da zan ce a kansa ke nan. Da ya binne, sai ya danne ƙasar. Kowa ya matso ya duba.”

Ya ɗage robar.

Hafiz ya leƙa, bai gane komai ba. Nuriyya ta leƙa, ta sa hannu ta toshe baki. Hannun dama ne, babba, na namiji. Yatsu huɗu sun kwanta cikakku, na tsakiya kuwa ya tsaya a gaɓa ta biyu.

“A matso mini da ita,” in ji Malam.

Aka matsar. Ya sunkuya, ya daɗe, sannan ya koma ya jingina.

“Injin markaɗe ne ya cinye shi,” ya ce a hankali. “Yana ɗan shekara tara. A kafaɗa na ɗauke shi zuwa asibitin Gaya, jininsa na bin bayana.”

Ba wanda ya dubi Alhaji, kuma kowa shi yake kallo. Hannunsa na dama yana cikin aljihun jallabiya.

“Baba,” in ji Alhaji. “Ka san abin da ka rubuta.”

“Na sani. Ni na rubuta.”

“Da ka ce za a buga, na ga yarinyar nan ta tashi tana kuka. Ranar Talata na ɗauki na bakwai na karanta. Baba, saura sati uku. Mutanen nan in suka ji, wallahi ko an ɗaura sai sun kwance. Ni na sha wuya na gina suna a garin nan, na fara da dakon kwali a ka. In na ɗauki ɗaya za a gane daga gida ne, shi ya sa na haɗa duka.”

“Me aka rubuta?” in ji Hajiya. Ta dubi mijinta, ta dubi surukinta. “Wai me aka rubuta?”

Malam ne ya amsa, idonsa a kan tukunyar.

“Kakata, wadda ta haifi mahaifina, baiwa ce. An kamo ta daga wani dutse a kudu tana 'yar shekara takwas, aka sayar da ita a Kano. Sunanta na gida ya ɓace mata, aka sa mata Dangana. Ni na san ta, a ɗakinta nake kwana. Har ta rasu ba ta san ta ina garinsu yake ba, in rana za ta faɗi sai ta yi ta duban kudu. Shekara goma na yi ina rubuta labarin bayin wata ƙasa da mutumin da ya sa hannu aka sake su, kafin na sami ƙarfin zuciyar rubuta shafi arba'in a kan tawa kakar.”

Hajiya ta tattara bakin zanenta, ta matsa zuwa ɗaya ƙarshen kujerar. Alhaji ya ga matsawar.

“Shekara ashirin da huɗu da aurenmu, Alhaji,” ta ce daga can.

“Ni na karanta,” in ji Nuriyya, hawaye na zuba. “Ƙarya na yi da na ce shida. Ba kunya ce ta sa ni kuka ba, Abba, tausayinta ne.”

Daga bakin ƙofa Musbahu ya yi gyaran murya. “Alhaji, to ni fa?”

“Ba zan kai ka ba da gaske. Tsoratarwa ce. Da na sallame ka da alheri, ka koma gida…”

“Matata ta kira ni jiya daga Ringim. Ta ce an faɗa wa yara a makaranta ubansu ɓarawo ne.”

Alhaji ya sunkuyar da kai.

“Tashi ka ɗauko masa fasfonsa,” in ji Malam. Alhaji ya tashi kamar ƙaramin yaro, ya shiga ɗaki, ya dawo ya miƙa da hannu biyu. “Gobe kuma ka je Naif, inda aka ɓata shi, ka wanke shi da bakinka a gaban jama'a.”

“Baba, za su ce to wa ya ɗauka. In na ce ni ne, za su ce don me. Ba za su bari ba sai sun tono.”

Malam ya dubi jikarsa, ya dubi Musbahu da ke riƙe da fasfo a ƙirji, ya dubi tarin bisimillar da ke kan hankici. Dikko ya ga lokacin da tsohon ya gama lissafinsa, domin kafaɗunsa sun sauka.

“Ka ce ni ne.”

“Baba…”

“Ka ce tsufa ne da magani. Ka ce na ruɗe, na kwashi litattafaina da hannuna na zuba a shara, na manta. Za su yarda. Ba a tambayar ruɗaɗɗe dalili.”

“Wallahi ba za a ce maka ruɗaɗɗe ba!” Nuriyya ta kama gwiwarsa. “Ni zan gaya wa Haidar gaskiya, in ya fasa ya fasa.”

“Wannan tsakaninki da angonki ne, amarya, tunda kin ƙi ni kin zaɓi yaro.” Ya shafa kanta, wasan bai sa kowa dariya ba. “Ki faɗa da bakinki in kin ga dama, ranar da kika ga dama. Amma ba za a ji shi daga teburin tuwo ba.” Ya juya. “Hafiz, ka ji. Dikko, kai ma ka ji.”

Hafiz ya cire tabarau yana gogewa. Dikko bai ce e ba, bai ce a'a ba.

“An sayar da ita sau ɗaya,” in ji Malam, kamar da kansa yake magana. “Yau kuma ni na sake rufe ta.” Ya ɗaga murya kaɗan. “Musbahu, shigo mana. Zogalen nan ya kwana uku bai sha ruwa ba.”

Musbahu ya ɗebo ruwa a buta. Ya tsaya a kan tukunyar yana duban Malam, Malam ya gyaɗa kai. Ya tsiyaya. Ƙasar ta jiƙe, ta yi laushi, yatsun suka narke ɗaya bayan ɗaya.

*

Ranar Lahadi da azahar ɗakin tuwon Hajiya Wasila ya cika. Alhaji Halliru ya zo da kansa, ya tsaya a tsakiya ya faɗi abin da aka ce ya faɗa, ya nemi gafarar Musbahu a gaban kowa, ya tafi bai zauna ba. Yana fita aka ɓarke.

“Ikon Allah! Shekara goma sha ɗaya kana rubutu, ka kwasa ka kai bola da kanka.”

“Boko in ya yi yawa ai haka yake ƙarewa. Ka bar tarihin Annabawa, ka je kana bin wani Linkon.”

“Ni dama na ce Musbahu ba zai yi ba.”

“Kai ɗin? Ba kai ka fara kiran sunansa ba?”

Aka yi dariya. Wani mai sayen jakunkuna ya miƙo wuya daga ɗaya teburin.

“Dikko, kai ka je ka gani da idonka. Tsakaninka da Allah, sawun tsohon ne?”

Dikko yana juya loma a cikin miya. Mahaifinsa ya yi shekara arba'in a daji, ya mutu bai taɓa ɗora wa wani sawun wani ba, kuma a kan haka ya ɗora shi. Ya ɗaga kai. Can ƙarshen benci an matsa wa Musbahu wuri, wani ya tura masa kwano, wani yana dafa kafaɗarsa.

“Nasa ne,” in ji Dikko.

Ya ajiye lomar, ya tashi ya wanke hannu, tuwon ko rabi bai ci ba.